Kuɗin wata na ƙungiyarmu: mu ƙara ko mu bar shi yadda yake?

Sakataren ƙungiya: Assalamu alaikum. Ƙungiyar taimakon juna ce ta ƴan unguwa a nan Damagaram, mutum 84 a rubuce. Kuɗin shiga jika biyu (sefa 2,000), kuɗin wata dala ɗari (sefa 500). Masu biya kan kari ba su wuce 30 ba. Wasu suna Kano, wasu Agadas, wasu Libiya, kowa da hanyar da yake aiko nasa: ta kamfanin aika kuɗi na Nita, ta Airtel Money a lambar ma'aji, ko ta hannun direba. Hayar ɗakin taro jika goma ce a wata, ga gudunmawar rasuwa da ta rashin lafiya. Asusu ya kusa ƙarewa, babban taro kuma ya matso. Ina so in kawo shawarar a mayar da kuɗin wata jika guda. Hankalina bai kwanta ba, ku ba ni shawara don Allah.

Alhaji, daga Birni: Wa alaikumus salam. Kada ka ƙara, ƙanena. Wanda ya kasa dala ɗari ba zai biya jika ba, 30 ɗin ma sai ka rasa rabinsu. Fara da lissafi. Haya 120,000 a shekara. Duba kaye, wato littafin lissafinku, ka haɗa abin da kuka kashe bara a gudunmawa da takardu. A ce 180,000 ne, jimla 300,000. Raba da masu biya na gaskiya. In da masu biya mutum 50 ne, kowa 6,000 a shekara, wato dala ɗari ɗin nan taku a wata. Ashe kuɗin bai yi kaɗan ba, mutum 20 ne kuke buƙatar dawo da su. Sannan ku daina karɓar kuɗi a lambar ma'aji. Kuɗin ƙungiya ya gauraya da na cefanensa, ranar bincike ba mai iya rarrabewa.

Sakataren ƙungiya: Alhaji, ma'ajinmu mutumin kirki ne, ba a taɓa kama shi da komai ba. Kuma kowa ya saba da lambarsa.

Alhaji, daga Birni: Ban ce ɓarawo ne ba, kare shi nake yi. Ku sayi layi daban na ƙungiya kaɗai. In kuna da takardar izini bisa dokar ƙungiyoyi ta 1984, ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, sa hannun mutum biyu cikin uku. Littafin resi mai lamba da kwafi: ɗaya ga mai biya, ɗaya ya zauna a littafi. Mai aikowa daga nesa shi zai ɗauki kuɗin aike, in ba haka ba a rubuta masa 500 alhali abin da ya shigo bai kai ba.

Hajiya, daga Zango: Malam sakatare, ni ban yarda da kuɗi iri ɗaya ga kowa ba. Mai albashi da mai tallar ƙosai ba ɗaya ba ne. Ku yi kashi uku: 250, 500, 1,000. Manomi ya biya na shekara gaba ɗaya da kaka, ko da hatsi ne, amma babban taro ya yanke farashin tiya a rubuce. Abin da ke ci mini rai, mata su ne ke biya kan lokaci, amma ranar rabon muƙami ba a tunawa da su.

Alhaji, daga Birni: Hajiya, kashi uku rigima ne. Kowa zai ce shi talaka ne. Hatsi kuma wa zai adana, wa zai ɗauki asarar ƙwari?

Wani malamin makaranta: Ba wanda ya taɓo hukunci. Ku rubuta a dokar cikin gida: wanda ya yi wata uku bai biya ba, ba shi da ƙuri'a, ba shi da gudunmawa sai ya cika. Masu aiko naira su canza tukuna, sefa kawai ke shiga kaye. Malam, dokarku ta ce me a kan canza kuɗin wata?

Sakataren ƙungiya: Ban duba ba tukuna. Amma hana gudunmawa ba zai yiwu ba, duk ƴan uwa ne, ba a ce wa mai makoki ana bin sa bashi. Ni dai har yanzu ina ganin jika guda ta fi sauƙi. To bashin baya fa, na masu shekara biyu ba su biya ba, a yafe ko a bi su?