Kibod mai fitila marar igiya: asarar kuɗi ce ko kuwa?

Mai gyara a Otigba: Jama'a, na faɗa na kuma, duk wanda ya ƙara kuɗi ya sayi kibod makanikal, irin wanda kowane madanni ke da nasa suwic a ƙasa, mai fitila don wai yana aiki da igiya da Bluetooth, asara ya yi. Fitilar ce ke zuƙe batir. Ku duba Keychron K2, batirinsa 4000mAh, masu ƙera shi sun ce yana kai awa 240 in fitila a kashe, ka kunna launukan nan kuwa sai ya dawo wajen awa 72. Ƙarshenta kullum yana maƙale a caji. To me ya raba shi da mai igiya zalla, ban da tsada?

Ɗalibin Akoka: Haba Oga, awa 72 wasa ne? Mai aikin awa 8 a rana, kwana 9 ke nan bai nemi caja ba. Kuma wa ke kunna fitila da rana tsaka? Ni abin da ya ja ni, na'ura uku yake riƙewa. Daga laftof in tsallaka waya in amsa saƙo, in dawo, ban zare komai ba.

Hajiya mai buga takardu a Obalende: Ɗana, bar dogon lissafi. Ni fitilar na saya. A ɗauke wuta da magariba, kwastoma na tsaye a kaina yana jiran takardarsa, kafin yaro ya tada janareta na gama shafi. Sai dai a lura, ba kowane mai fitila ke haska harufa ba. Na farkon da na ɗauko, hasken ta gefen madannai yake tsiyaya kamar adon gidan biki, harufan kuwa duhu ƙirin. Yanzu sai na sa mai shago ya kunna, na kare da tafin hannu, in ban ga A da B sun fito ba, a kai kasuwa.

Mai gyara a Otigba: Gaskiyarki Hajiya, amma ai mai igiya ma yana da fitilar, daga USB yake sha. Ba ki ce komai kan Bluetooth ba.

Ɗan gem na Agege: A nan ina bayan Oga, amma rabi. Bluetooth yana da ɗan jinkiri, mai rubutu ba zai ji ba, mai gem zai ji a jikinsa. Igiya kan aika saƙo sau 1000 a daƙiƙa, Bluetooth galibi bai wuce 125 ba. Amma akwai marasa igiya masu zuwa da ɗan makalin USB na 2.4GHz da ake soka wa kwamfuta a madadin Bluetooth, su ma suna kai 1000. Kada a yi musu kuɗin goro.

Mai gyara a Otigba: Ɗan makalin da ke ɓata a aljihu cikin danfo? Kuma ranar da kwamfuta ta ƙi tashi, ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga tun kafin kwamfuta ta gama tashi, da Bluetooth mu gani. Ga batir da ke kumbura in an bar shi a caji cikin zafin nan.

Ɗalibin Akoka: Shi ya sa ake sayen mai biyun! Ranar BIOS ka sa igiya.

Malamin Idi Araba: Kun bar jaki kuna dukan taiki. Ni suwic ɗin ƙarƙashin madannai nake dubawa. Da launi ake bambanta su: shuɗi ƙwas-ƙwas yake yi, a gidan haya mai katangar falanki maƙwabci zai ƙwanƙwasa maka ƙofa cikin dare. Ruwan ƙasa ko ja sun fi ladabi. Sannan a tambaya ko ana zare suwic ba tare da dalma ba, don da damshin Legas wani harafi kan fara fitowa biyu-biyu.

Hajiya mai buga takardu a Obalende: Malam, nawa ma K ɗinsa ya fara haka. Oga, in na aiko yaro shagonka a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, gobe, za ka canja ɗayan kawai?

Mai gyara a Otigba: In mai zarewa ne, nan take, Hajiya. In na dalma ne ya bar shi sai yamma. Ya taho da igiyarsa, ban yarda da batirin ba.