Ƙara wa babur tsawo a gida don dakon shinkafa: wane ƙarfe, wace walda?

Ɗan Fadama, Argungu:
Assalamu alaikum masana. Akwai tsohon firam da inji irin na CG 125 a ƙasa, ana son haɗa babur na musamman a gida don fito da buhunan shanshera daga fadama zuwa bakin titi. Shirin shi ne a ƙara wa bayan tsawo, a ƙera kariya mai faɗi, tanki da salansa duk na hannu. Wane bututu ya dace, tsawon nawa za a ƙara ba tare da babur ya lalace ba, kuma ina aka fi yin kuskure?

Usta Mai Walda, Jega:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da ƙarfe, domin nan ake cin amanar kai. Bututun ruwa mai farin shafe kada ka kusance shi: ɗinkinsa yana tsagewa idan ya sha girgiza, hayaƙinsa a walda kuma yana kwantar da mutum da zazzaɓi. Bututun gado da kujera shi ma a'a, kaurinsa bai wuce milimita 1 ba, wuta na taɓa shi ya huje. Nemi baƙin bututu mai kaurin milimita 2 zuwa 2.5.

Ƙarin tsawon a ƙafar baya za ka yi shi, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, kuma santimita 5 ya isa. Wuyan firam kada ka yanka shi ko kaɗan. Kusurwar wuyan nan ita ke sa babur ya miƙe da kansa, in ta goce kan zai riƙa kaɗawa da zarar ka ɗan yi gudu.

Wajen haɗin, kada ka gwama baki da baki ka zuba walda kawai. Zura guntun ƙarfe a cikin bututun, ya shiga kamar santimita 4 ta kowane ɓangare, ka huda ramuka biyu a jikin na waje ka cike su da walda su kama na ciki, sannan ka zagaye bakin. Ilaktirod gej 12 za ka sa, wuta tsakanin amfiya 70 zuwa 90. Kafin nan ka ɗaure ƙafar a kan teburin ƙarfe, sandar tayar na cikin ramukanta, ka ɗiɗɗiga walda nan da can, hagu sannan dama. Wanda ya gama gefe guda kafin ya taɓa ɗayan, zafi zai ja masa ƙarfen, ya wayi gari tayar baya na kallon gefe. Kuma a bar ƙarfe ya huce da kansa, ban da kwara masa ruwa.

Idan za a yi walda a jikin babur ɗin, a cire batir da CDI, wato akwatin da ke ba fulogi wuta, tukuna.

Bakanike Kamba:
Usta ya gama maganar ƙarfe, bari in ɗora abin da ke biyo bayan ƙarin. Kacar waɗannan babura lamba 428 ce, kowace gaɓa milimita 12.7. Santimita 5 a ƙafa yana nufin santimita 10 a kaca, sama da ƙasa, wato gaɓa 8. Tunda kaya za a ɗauka cikin yashi da taɓo, ka ƙara wa sufuroket ɗin baya haƙora 4. Gudu zai ragu, jan zai ƙaru, kuma wannan zai ci wasu gaɓoɓi 2. Sayi kaca doguwa guda ɗaya ka rage ta. Haɗa tsohuwa da sabuwa yana cinye haƙora cikin ɗan lokaci. Sassaucinta ya tsaya santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, kuma ka sake duba shi da kaya a kai, don kacar da ta ɗame idan shokozoba ta nutse ita ke kashe boris.

Abin da aka fi mantawa shi ne birki. Sandar birkin baya da ƙarfen da ke hana farantin birki juyawa duka sai an ƙera masu tsawo. Sandar a yi ta sabuwa ɗungurungum, ban yarda da wadda aka yi wa ƙari da walda a tsakiya ba. Mazaunin shokozoba ma a matsar da shi baya daidai da ƙarin, in ba haka ba taya ta samu ƙarfi a kanta, buhu ɗaya ya durƙusar da ita.

Kariya kuwa, nauyin ya zauna a saman sandar tayar baya ko gabanta kaɗan. In ya zarce baya, tayar gaba ta yi sakayau, a hawan gangaren fadama babur ya ɗaga kai. Notinan da za su riƙe ta a duba kansu a ga 8.8, wato lambar ƙarfinsu.

Daidaiton tayu da zare ake gane shi: ja zare biyu su shafi gefen tayar baya su wuce gaba, tazarar da ke tsakaninsu da tayar gaba ta zo ɗaya hagu da dama.

Malam Na Zuru:
Ɗan'uwa, don Allah a kula da tanki. Tsohon tanki ko ya shekara a bushe, tururin fetur na maƙale a ciki, tartsatsi ɗaya ya fasa shi a fuskar mai walda. In sabo za a ƙera, falan ƙarfe mai milimita 1.2 da waldar gas ya fi, ta lantarki tana huda shi. Gwajin yoyo kuma da famfon keke ake yi, bugu kaɗan, a shafa ruwan omo a ɗinkin a nemi kumfa. Iskar mai faci tana kumbura shi.

Lanƙwasa bututun salansa: a cika shi da yashi busasshe ƙarau, a toshe, a gasa, a lanƙwasa a hankali. Yashi mai danshi yana zama tururi ya harbo toshiyar. Salansar hannu galibi ta fi ta kamfani buɗewa, sai mai ya yi wa inji kaɗan, ya riƙa zafi yana tari idan an saki totur. Bayan tafiya a kwance fulogi: fari fat, a ƙara girman jet ɗin kafireto mataki ɗaya, ruwan ƙasa-ƙasa, ya daidaita. Ni dai a ganina a sa mata raga a ciki, ƙarar banza ba ta ƙara ƙarfi.

Sai lambar shasi da ta inji. Kada giranda ko fenti mai kauri su shafe su, da su ake rajista, kuma a halin tsaron da yankinmu ke ciki babur marar lamba a shingen bincike babbar fitina ce ga mai shi. A ajiye rasidin injin da na firam tare.

Ɗan Fadama, Argungu:
Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara basira. Usta, saura tambaya ɗaya: ƙafar bayan da ke ƙasa bututunta zagayayye ne kuma ya ɗan ci tsatsa kusa da mazaunin shokozoba. A yi mata ƙari haka, ko a ƙera sabuwa da bututu mai kusurwa huɗu?

Usta Mai Walda, Jega:
Goge wurin da buroshin ƙarfe ka ƙwanƙwasa da kan guduma. In ya lotsa ko ka ga ramuka kamar cin zago, ajiye ta. Ƙera sabuwa da mai kusurwa huɗu, milimita 20 a 40, kauri milimita 2, ka sa gefen 40 ɗin a tsaye, sannan ka yanko mazaunin bushin na tsohuwar ka dasa a kai.