An Kwance Rumfar da Nake Fakewa

Ɗan Auta:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Mai bisharar da ya riƙe ni shekara shida, tun ina ajin baftisma, an yi masa canjin wurin aiki. Wata huɗu ke nan ina kira ba a ɗauka. Maganar ta ƙi fita da baki, ga ta a waƙa. Mai amsa ya amsa da baiti.

Salama 'yan'uwa, ku tsaya ku ji kukana,
Rumfar da nake fakewa an kwance ta da tsakar rana.
Shi ya koya mini harafin farko a Yohanna,
A zaurensa kan tabarma, fitilar ƙwai a gabana.
Yana bin layi da yatsa, ni ina bin bakin Babana,
In na yi tuntuɓe a aya, sai ya ce, "Sake, ɗana."
Ran da dangi suka ce in bar musu gida da gona,
Shi ya raba tuwonsa biyu, ya ba ni wurin kwana.
Yau waya na ta ƙara can, ba mai amsa kirana,
Na buɗe Littafi da asuba, baƙaƙe na yawo a idona.
Addu'a ta maƙale kamar ƙaya a maƙogwarona,
Bangaskiyar nan tawa ce, ko aro na yi wurin Babana?

Inna Saratu ta zumuntar mata:
Ɗana, share hawaye, matso ka ji ni,
Elisha ya sha wannan ɗaci tun wancan zamani.
A hayin Kogin Urdun guguwa ta yi sama da malaminsa Iliya,
Yana "Ubana, ubana!" shi ko babu waiwaya.
Mutum 50 suka fita nema, kwana 3 a dawa,
Suka komo hannu rabbana, da ma ya hana su zuwa.
Shi alkyabbar da ta faɗo ya sunkuya ya ɗauka,
Ya ce, "Ina Allahn Iliya?" ya bugi ruwa ya tsallaka.
Wata huɗu kana kira, ka ma zarce masu neman nan,
Duba gabanka da kyau, alkyabbar tana nan.

Baba Bitrus:
Saratu ta shafa maka mai, ni barkono na kawo,
Don mai ƙaunarka shi ke matsa maka ciwo.
Ka san Yowash? Yana shekara 7 aka naɗa shi sarki,
Muddin Yehoyada firist na raye, yana aikin kirki.
Ya sa aka ajiye akwatin baiko a bakin ƙofa,
Kuɗi suka taru, magina suka toshe wa Haikali kowace kafa.
Tsoho ya cika yana da 130, aka kai shi kabari,
Manyan Yahuza suka zo da zaƙin baki, sarki ya bi su da sauri.
Ya koma ga gumaka, har ɗan tsohon, Zakariya,
Ya sa aka jajjefe shi da duwatsu don ya faɗi gaskiya.
Karanta 2 Tarihi sura 24 kafin ka kwanta,
Kabewar da ta hau danga, in danga ta faɗi, ina makomarta?

Ɗan Auta:
Baba Bitrus, barkononku ya shiga, ban musa ba,
Lahadi uku ke nan ƙafata ba ta taka majami'a ba.
Ina ji ana buga ƙarfe, in juya in ja mayafi,
Mutum nake jin haushi, na huce a kan Littafi.
Amma ku bar ni in tambaya, ko laifi na yi masa?
Ko wani ya kai sukata ne, ya cire ni daga ransa?

Talatu 'yar mawaƙa:
Ni ban iya dogon baiti ba, ku yi haƙuri, mu a coci amshi muka saba.

Yaya, kada ka yanke wa bawan Allah hukunci a duhu,
Wanda ya fizge Filibus a hanyar Gaza ai shi ne Ruhu.
Mutumin Habasha ya fito daga ruwa a jiƙe,
Ya waiga babu malami, sai littafin Ishaya a riƙe.
Darasi ɗaya ya samu, kai ka sha shekara shida,
Ya hau karusarsa da murna, ya kama hanyar gida.
Wani ƙauyen sai an hau dutse kafin waya ta shiga,
Wataƙila shi ma yana can, ruwa ya kai masa wuyan riga.

Dattijo daga Wusasa:
Jikana, ni ɗan Wusasa ne, bari in ba ka labari,
A 1929 mishan ya baro birnin Zariya, ya dawo nan bayan gari.
Likita Mila ya sha wahalar juya Littafi zuwa Hausa,
A 1932 ya fito cikakke, mai iya karatu ya riƙe nasa.
Mila ya rasu a 1952, Turawan mishan sun koma,
Majami'ar Bartalamawus ta ginin ƙasa tana tsaye har yau ma.
Bulus ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, duk sun wuce,
Mai girmar da shuka Allah ne, haka 1 Korintiyawa 3 ta ce.
Shi Bulus ɗin yana kurkuku Dimas ya gudu ya bar shi,
Ran shari'arsa ta fari ba mai tsaya masa, Ubangiji ya ƙarfafa shi.
Ka faɗi abin da ka rasa, mun ji, mun kuma tausaya,
To ban da kai, wa Malamin ya bari a ƙauyen nan da ƙishin aya?

Ɗan Auta, bayan kwana biyu:
Kaka, tambayarku ta hana ni barci daren Talata,
Akwai tsohuwa makauniya da Baba kan je ya karanta mata.
Wata huɗu ba wanda ya leƙa ta, ni ma ban tuna ba,
Jiya Laraba na ɗauki Littafi, na tafi ban shirya ba.
Ta shafa fuskata ta ce, "Wane ne? Muryar ba tasa ba ce,"
Na ce, "Ɗansa ne, Iya," na zauna gefen tabarma a karkace.
Na buɗe Yohanna 15, wurin itacen inabi da rassa,
Murya na rawa, na tsallake layi guda na faɗa na ƙasa.
Ashe ta haddace surar, ta ɗaga hannu ta tsai da karatuna,
Ta ce, "Ba haka Malam ke faɗa ba. Sake, ɗana."