Neman kalma: me za mu kira motar da rufinta ke naɗewa?

Mai tambaya, Gusau: Assalamu alaikum. Ana rubuta wa yaran gareji takardar yadda ake jingine mota ta yi wata uku ko huɗu ba a hawa, sai aka zo kan irin wadda Turawa ke kira convertible, wadda rufinta ke naɗewa ya kwanta a baya, kamar Mazda MX-5 da Mercedes SLK. A ƙasashen ƙanƙara ana shigar da su ɗaki tun wajen Nuwamba sai Maris ko Afrilu, saboda gishirin da ake watsawa a titi yana cin ƙarfe, sanyi kuma yana sandarar da rufin. Mu nan damina da ƙurar hunturu ke sa a ajiye su. An kawo “buɗaɗɗiyar mota”, amma hankalina bai kwanta da ita ba.

Bakanike, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam. Malam, kada a sa wagga kalma. Buɗaɗɗiyar mota ita ce wadda shugaba ke tsayawa ciki ranar fareti, har a-kori-kura ma ana kiranta haka. Kuma za ta ɓatar da yaro: in anka ce mashi buɗaɗɗiya, a buɗe zai aje ta, alhali dokar farko ta ajiyar wagga mota ita ce a tada rufin, a ɗana makullansa na gaba, ya zauna a miƙe. In ya yi watanni a naɗe, ƙyallen zai yi karaya a wuraren ninki, ya kuma tsuke, ranar da anka zo rufewa sai ka ga ya kasa kai bakin gilashin gaba.

Dillalin motoci, Gusau: A kasuwa dai da yawa “ofin ruf” suke cewa, amma wannan sunan tagar sama ce, wadda ake zugewa a tsakiyar rufin ƙarfe. Abu biyu ne daban, kada a gwama.

Mai ɗinkin kujerun mota, Argungu: Ni “mai laima” na fi so. Ku leƙa cikin rufin: ƙarafa ne masu gaɓoɓi, an ɗaura musu ƙyalle mai hawa-hawa da roba a tsakani, ana buɗewa ana naɗewa. Kuma kowa ya san ba a naɗe laima da danshi. Haka nan ma, in ruwa ya taɓa shi, a bar shi a inuwa mai iska ya bushe sarai, har cikin ɗinki, in ba haka ba funfuna za ta kama shi, baƙin tabonta kuma ba ya fita duka. Wanki da ruwa da sabulu mai laushi da buroshi mai taushi. Sabulun gari na wankin kaya yana cire maganin da ke hana ruwa ratsawa, injin feshi mai ƙarfi kuma yana buɗe ɗinki. Wadda tagarta ta baya leda ce mai kauri ba gilashi ba, kada a kuskura a goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma, yashi ne, zai kankare ta ta yi hazo. A fara kwarara ruwa tukuna.

Bakanike, Birnin Kebbi: Maigida, kalmarka ta yi daɗi, amma ba ta game duka ba. SLK da anka fara a 1996, da Peugeot 206 CC ta 2000, rufinsu na ƙarfe ne, shina karyewa biyu ya shige but. Peugeot ta yi irin haka tun shekarun 1930. Ba wanda zai kira wanga laima.

Malamin Hausa, Talata Mafara: To ga shawara. Hausa na da hanyar ƙera suna daga aiki da abin da aka yi wa aikin: share-fage, buɗe-baki, a-kori-kura. A bi wannan hanya a ce “naɗe-rufi”. Ta faɗi abin da ya raba motar da sauran, wato rufin ne ke motsi, ba ta ce a buɗe take ba, ba ta ce a rufe ba. Sai “mai laima” ta zauna wa mai ƙyalle, “mai ƙarfe” ga ɗayar. A jimla: “Naɗe-rufi ce, mai laima.” Jam'i kuma “motoci naɗe-rufi”, ba sai an tanƙwara kalmar ba. Wani gyara ɗaya: a takardar ku rubuta “ɗakin mota”, domin in kun ce a kai ta gareji, wurin kanikawa kowa zai nufa.

Mai wayarin mota, Kaura Namoda: Na karɓi naɗe-rufi, Malam. Ga abin da zan so a sa na ɓangarenmu. Mota ko a kashe tana tsotsar batir, zafin irin namu da ke haura 40 a Maris da Afrilu kuma yana ƙara gajiyar da shi. A cire kan batir na baƙar waya, ko a jona ƙaramar caja mai yanke kanta. Cikakken batir mita za ta nuna 12.6, in ta sauka ƙasa da 12.4 a yi caji. Amma a rufe rufin da gilasai kafin a cire, domin a yawancinsu gilashi yana ɗan sauka ne kafin rufi ya motsa, ba wuta ba zai yi ba. Wadda rufinta famfo ke ɗagawa da mai, a duba ƙaramin tankinsa da tiyoyin ko suna gumi. In da hali, sau ɗaya a wata a tada inji a buɗe a rufe, kada a yi da batir kaɗai, famfon na jan wuta sosai.

Babban abin da ke kashe su a nan shi ne magudanai. Ruwan da ya zubo daga rufi yana taruwa a wani kwari a bayan kujeru, ya bi ƙananan ramuka ya fita ƙasa. Ƙurar hunturu da ganyen dogon yaro kan toshe su, ruwan farko na damina sai ya koma cikin kafet, inda a wasu motocin akwatunan lantarki suke kwance. A zuba ruwa kofi ɗaya a kwarin, in bai ɗiga a ƙarƙashin mota ba, a zura siririyar igiyar roba a buɗe. Kada a sa waya, tana huda tiyon.

Bakanike, Birnin Kebbi: Sauran ga shi a taƙaice. A canza baƙin mai da tacensa kafin ajiya, ba bayanta ba, don tsohon mai na ɗauke da dattin da ke cin ƙarfe. A cika tanki don kada raɓa ta taru ciki, amma a sani fetur kan fara lalacewa bayan wata uku zuwa shida. A je wurin mai faci ya ƙara wa taya iska kamar lamba 5 (a ma'aunin iska na psi) bisa abin da anka rubuta a jikin ƙofa, don kada gindinta ya baje. Kada a ja birkin hannu, shina mannewa. A sa giya, a kafa waigi. A cusa soson ƙarfe a bakin salansa saboda ɓeraye, a manna takarda a sitiyari don tuna cirewa. Robobin bakin rufi da ƙofofi a shafa musu man silikon, ban da baƙin mai ko basilin, suna kumbura roba. Lulluɓi kuma na yadi mai shan iska, leda da tampol suna riƙe gumi. Tada inji minti biyar a kashe ba alheri ba ne, ruwa yake bari a salansa. In za a tada, a fita da ita minti 20 zuwa 30.

Mai ɗinkin kujerun mota, Argungu: Na sallama, tunda laima ta samu gurbi. A ƙara cewa kada a ɗora komai a kan rufin ƙyalle, ko kwali ne, yana barin shaida.

Mai tambaya, Gusau: Allah ya saka da alheri. An tsaya a kan naɗe-rufi, da mai laima da mai ƙarfe, da ɗakin mota. Saura sunan wancan kwarin da ruwa ke taruwa a bayan kujeru. Na rubuta “kwarkwaron rufi” kafin in ji daga gare ku.