Yaɗa bikin yaye ɗalibai kai tsaye: me ake buƙata?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Za a yi bikin yaye ɗalibai a wata jami'a nan Gombe. Wasu ɗaliban za su zo ɗakin taro, wasu su shigo ta Zoom, iyaye kuma su kalla a YouTube. Akwai kyamara uku da kwamfuta ɗaya. Me ya rage, kuma ina aka fi samun tangarɗa?

Mai Kyamara:
Wa alaikumus salam. Uku sun isa. Ɗaya daga baya ta ɗauki dandamali gaba ɗaya, ɗaya kan mai jawabi, ta ukun ta tsaya inda ake miƙa takardar shaida ana musabaha, don hoton da iyaye ke jira ke nan. Haɗa su a ATEM Mini, wato na'urar da ke sauya hoto daga wannan kyamara zuwa waccan, yana da ƙofar HDMI huɗu, ta huɗun ka bar wa Zoom daga wata kwamfutar daban. Wayar HDMI in ta haura mita 15 hoto kan fara ɗaukewa. Kyamarar da ke nesa a ja mata SDI, wata irin wayar hoto ce, wannan tana kai wajen mita 100.

Injiniya Jekadafari:
Malam, abin da ya fi kashe irin wannan aiki sauti ne. Kada ka dogara da makirfon na jikin kyamara, amsa-kuwwar ɗaki da ƙarar fanka kawai zai kwaso. Ja wayar sauti ta XLR daga mikisar masu lasifika. In ka ji wani "huuum" da ba ya yankewa, galibi don mikisa da kwamfuta na shan wuta daga soket daban-daban ne; sa akwatin DI, wata 'yar na'ura da ake sawa a kan hanyar wayar sauti, ka danna maɓallin ɗage waya ta ƙasa (ground lift) da ke jikinsa, zai ɗauke.

Na Zoom kuma, sautin da za ka mayar musu kada ya ƙunshi muryarsu, in ba haka ba kowa zai riƙa jin kansa sau biyu. Sannan sauti kan riga hoto isowa. A sa wani ya tafa hannu gaban kyamara, ka riƙa ƙara jinkirin sauti a OBS, wato manhajar yaɗa shirin da ke kan kwamfuta, kaɗan-kaɗan har tafin ya zo daidai da hannun. Waƙar da ba taku ba kada a sa lokacin shigowar malamai, YouTube na iya tsayar da shirin.

Hajiya Mai Intanet:
Gwajin intanet da ɗaki babu kowa yaudarar kai ne, ɗan'uwa. Jama'a na cika kowa ya ciro waya, sabis ya zube. Nemi waya daga ofishin intanet na makarantar, ko Starlink, ka ajiye MTN ko Airtel a gefe. Tura 720p a wajen 3 Mbps, ka tabbata ƙarfin turawarka ya ninka haka. Kwamfuta, ATEM da na'urar intanet duk su hau UPS, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, saboda 'yan sakannin da ke tsakanin ɗauke wuta da tashin janareta sun isa su yanke shirin. Ka kuma naɗi kwafi a OBS da tsarin MKV, ko kwamfuta ta mutu abin da aka ɗauka yana nan. In tashar YouTube ɗin sabuwa ce, kunna izinin kai tsaye tun da wuri, yakan ɗauki awa 24.

Mai Kyamara:
Na manta batun sunayen ɗalibai da za a nuna a allo. Karɓi jerin daga ofishin rajista a tsarin da za a kira su, ka gwada rubutun da sunan mai ƙ ko ɗ. Wasu nau'o'in rubutu akwati kawai suke nunawa a gurbinsu.