Me za mu kira birakiterafi da Hausa?

1/ Ma'aikatan asibiti da masu fassara, ku zo mu tsayar da magana kan wata kalma. Mace ce aka yi wa aikin dajin mahaifa, aka cire mahaifar da ma'ajiyar ƙwai. Bayan makonni likita ya ce saura birakiterafi, wato maganin daji da haske daga cikin jiki, dab da wurin cutar. Ɗanta ya juyo ya ce, "Umma, gashi za a yi miki." Shi ke nan abin da ta ji.

2/ Kalmar gashi ta riga ta zauna a bakin mutane, ba na neman a tumɓuke ta. Sai dai ta ɗauki kaya da yawa. Akwai gashin ƙashi, akwai na jego. Bahaushiya da ta ji gashi, gadon wuta da tafasasshen ruwa ne ke faɗo mata a rai, alhali wannan haske ne da ido ba ya gani, jiki kuma ba ya jin zafinsa lokacin da ake yi.

3/ Babbar matsalar ita ce gashin iri biyu ne, mu kuwa suna ɗaya muke ba su. Na farko, mace ta kwanta, na'ura ta harbo hasken daga waje ya ratsa ƙugu, kwana 5 a mako, har wajen mako 5. A hanya yana taɓa hanji da mafitsara, shi ya sa ake fama da zawo da yawan fitsari.

4/ Na biyun shi ne birakiterafi. Ana sanya wata 'yar roba mai santsi a gaban mace har ta kai wurin da aka ɗinke, domin nan ne dajin ya fi son dawowa. Sai na'ura ta turo ɗan ƙwayar iridiyam-192, ƙarfen da ke fitar da hasken, cikin robar, ya yi 'yan mintuna, ta janye shi. Galibi zuwa 3 zuwa 5 ne. Ta tashi ta tafi gida, ta goya jikarta ba fargaba, ba abin da ya rage a jikinta. Illarsa bushewa da tsukewar gaba, kuma ana koya mata yadda za ta kiyaye.

5/ Bambancin ba ƙarami ba ne. Binciken PORTEC-2 na ƙasar Holan, da aka wallafa a 2010, ya bi mata 427 masu matsakaicin haɗarin dawowar dajin, wasu aka yi musu na waje, wasu birakiterafi. Dawowar dajin a gaba bai kai kashi 2 cikin 100 ba a kowane ɓangare bayan shekara 5, amma damuwar hanji ta kama sama da rabin masu na waje, masu birakiterafi kuwa kusan kashi 13. Wadda cutarta ta yi nisa, na wajen ne ya dace da ita, wani lokaci a haɗa mata duka biyun.

6/ Wasu sun kawo shawarar a kira birakiterafi "gashin ciki". Ban karɓa ba, don za a ɗauka tumbi ake nufi ko juna biyu. "Maganin tururi" kuwa sirace zai kawo wa mutane a rai.

7/ Ni na tsaya kan "gashin kusa" da "gashin nesa". Asalin kalmar birakiterafi a Girkanci ma gajeriyar tazara take nufi. A rubutu mu cika: gashin daji na kusa, gashin daji na nesa. Ma'aikaciyar jinya za ta iya cewa, "Hajiya, naki na kusa ne, zuwa uku, kuma ba wuta a ciki."

8/ Mutanen Maraɗi da Damagaram, likitocinku kuriterafi suke cewa, da sunan masaniyar kimiyya Marie Curie. In kun zo yi wa iyayenmu mata bayani da Hausa, me kuke ce musu?