Yaya zan gane nau'in kowane abu da ke cikin jeri a Python?

ɗan_uwar_adashe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ummata ce uwar adashen matan layinmu, su 24, kowacce na zuba dubu biyar duk Juma'a. Ƙanwata ke shigar da zubin a Excel, ni kuma na rubuta 'yar manhaja da Python: in ɗauko layin kuɗin da openpyxl (kayan aikin Python na karanta Excel), in zuba a jeri, in haɗa jimilla. Wata biyu ana tafiya lafiya lau. Jiya da daddare sai `sum()` ta tsaya cak, ta ce:

`TypeError: unsupported operand type(s) for +: 'int' and 'str'`

Na bi takardar da ido, ban ga inda matsalar take ba. Gobe ne kwasa, kuma kuɗin mutane ne, ba na so Umma ta ji kunya a gabansu. Ta yaya zan san nau'in kowane abu da ke cikin jerin? Don Allah a taimaka.

tsohon_hannu:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ƙanena. Abin da ido ke gani a Excel daban, abin da openpyxl ke miƙo maka daban. Gidan da aka bari ba komai `None` yake dawowa, lambar da aka shigar a matsayin rubutu kuma `str` ce ko da ta yi kama da kuɗi. Sa jerin ya faɗa da bakinsa:

`for i, x in enumerate(zubi): print(i, type(x).__name__, repr(x))`

Amfanin `repr` shi ne za ka ga alamar zance a gefen duk wanda yake rubutu ne. Daga nan sai ka tace da `isinstance(x, (int, float))`, wato ka bar lambobi kawai: `int` cikakkiyar lamba, `float` mai ɗigo.

malama_mai_lissafi:
Yayanmu ya faɗi daidai, amma akwai rami a nan, ni ma na taɓa faɗawa. A Python `bool`, wato nau'in `True` da `False`, ɗan `int` ne, daga gare shi ya yi gado. Saboda haka `isinstance(True, int)` zai ce maka gaskiya ne, kuma `True + True` biyu yake bayarwa. In wani ya rubuta TRUE a gidan kuɗi yana nufin "ta biya", tacewar za ta bar shi ya wuce, a lissafa wa baiwar Allah naira ɗaya, babu ƙorafin komai. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan kuskuren da ka gani, domin shi wancan aƙalla ya yi ihu. In ainihin nau'in kake so, `type(x) is int` ba ya karɓar `True`.

Sannan kar ka tace ka zubar shiru. Duk wanda bai dace ba, manhajar ta buga lambar layinsa ta tsaya, a je a duba littafin Umma.

ɗan_uwar_adashe:
Allah Ya saka muku da alheri! Na gwada yanzun nan: 21 `int` ne, ɗaya `None`, ɗaya '5,000' da waƙafi a tsakiya, ɗaya kuwa `True` ne, kamar Malama tana tsaye a bayana. Na tambayi ƙanwata, ta ce ranar sauri take. Mai waƙafin `int()` ta ƙi karɓarsa sai da na cire waƙafin da `replace`. Mai `None` ɗin kuwa na buɗe littafin Umma, ashe da gaske ba ta kawo ba tukuna, ta ce sai bayan la'asar.